Sharhi Kan Fim Ɗin Black Gold: Ina Muryar Matan?

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu da gahawa muke raya daren karatu, shi ya sa na sake kallon Black Gold, fim ɗin da Marc da Nick Francis suka fitar a 2006.

Fim ɗin ya bi Tadesse Meskela, manajan ƙungiyar manoman gahawa ta Oromiya a Habasha a wancan lokacin, yana yawon neman kasuwa bayan faɗuwar farashi da ta biyo rushewar tsarin ƙayyade fitar da gahawa a 1989. Ya nuna yadda kasuwannin Niyok da Landan ke yanke farashi, manomi ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan sai yabo.

Amma ina da ƙorafi. An nuna mata jere a Adis Ababa suna tsince gurɓatattun ƙwayoyi, ladansu na wuni bai kai rabin dala ba. An nuna iyaye mata ɗauke da yara masu tamowa a Sidama. Sai dai da ƙyar aka ji ta bakinsu. Maza ke bayani, mata abin tausayi kawai.

Alhali rahoton Ƙungiyar Gahawa ta Duniya na 2018 ya ce aikin mata kan kai kashi 70 cikin ɗari na noman gahawa. Ko farashi ya tashi, in gona da rajistar ƙungiya da sunan miji suke, hannun wa kuɗin zai shiga?

Ku nemi fim ɗin ku kalla, amma da wannan tambayar a zuci.