October Sky: Rokar Yaro Ɗaya Ce Ko ta Gari Guda?

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko da ya kewaya duniya, abin da ya tayar wa Amurkawa da hankali matuƙa. Cikin waɗanda suka ɗaga kai da dare suka ga wucewarsa akwai Homer Hickam, yaro ɗan shekara 14 a Coalwood, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a jihar West Virginia. Daga nan shi da abokansa suka duƙufa wajen ƙera ƙananan rokoki, har suka ci lambar zinare a gasar kimiyya ta ƙasa a Indianapolis a 1960. Hickam ya rubuta labarin a littafinsa Rocket Boys a 1998, sannan darakta Joe Johnston ya mayar da shi fim a 1999 da sunan October Sky. A ganina fim ne da ya kamata kowane ɗalibi a cikinmu ya kalla, amma da ido biyu.

Bari in fara da yabo. Fim ɗin bai ɓoye cewa ƙera roka aiki ne na faɗuwa da tashi ba. Rokar farko ko motsi ba ta yi sama ba, shingen gidan su Homer ta tarwatsa. Waɗanda suka biyo baya wasu suka fashe, wasu suka kauce hanya suka nufi mutane. Kowace ɓarna kuma da darasin da ta bari. Yaran sun gane cewa asirin yana ga bakin da iskar wuta ke fita, domin sai an tsuke shi sannan a buɗa shi kafin turin ya yi ƙarfi, kuma sai an sami ƙarfen da zafi ba zai cinye ba. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda aka zarge su da haddasa gobarar daji, Homer ya zauna ya yi lissafin inda rokarsu ta faɗa, suka je suka nemo ta. Ba kasafai ake ganin fim ya mai da lissafi abin wanke kai ba.

To amma wa ya ƙera rokar? Idan mai kallo ya lura, hannaye da yawa ne a kanta. Akwai Bykovsky da ke yi masu walda a ɓoye a shagon kamfanin kwal, akwai Bolden da ke sassaƙa masu ƙarfe a inji, akwai malamarsu Miss Riley da ta nemo masu littafin ilimin roka. Da aka sace kayan Homer a wurin gasar, mutanen gari ne suka sake ƙera wasu suka aika masa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan ce gaskiyar labarin.

Sai dai kash, fim ɗin ya nuna wannan gaskiya da hannun dama ya karɓe da na hagu. Yara shida ne a littafin, aka rage su zuwa huɗu. Aka ƙirƙiro cewa Homer ya bar makaranta ya shiga ramin kwal, alhali a littafin bai bar makaranta ba. Manufar ita ce a mai da ramin tamkar kabari, roka kuma tikitin tserewa, ta yadda za a tashi da tunanin cewa mai ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya fita, waɗanda suka zauna kuwa sun yi asara. Ta yaya garin da ya iya sassaƙa bakin roka zai zama wurin da babu abin yi da shi sai gudu?

Haka kuma an nuna Wernher von Braun a matsayin gwarzon da Homer ke aika wa wasiƙu, har aka shirya masu musafaha wadda ba ta taɓa faruwa ba. Ba a ce uffan ba game da rokar V-2 da ya jagoranci ƙerawa a Jamus ta Hitler, wadda ta riƙa faɗawa kan Landan daga 1944, kuma dubban fursunoni suka mutu a aikin tilas na haɗa ta.

Akwai kuma gargaɗi ga duk wanda fim ɗin ya sa wa sha'awa. Yaran Coalwood da hannunsu suke haɗa makamashi su ɗura a bututun ƙarfe, kuma irin wannan ganganci ya raunata matasa da dama a wancan zamani. Shi ya sa G. Harry Stine da Orville Carlisle suka kafa ƙungiyar masu wasan roka ta Amurka a 1957, sannan Vern Estes ya fara sarrafa injuna a masana'anta a 1958. Rokar wasa ta ƙa'ida da kwali da katako marar nauyi da roba ake yin ta, injin saye ake yi, da lantarki ake kunna shi daga nesa, sannan laima ta sauko da ita. Aikin mai ƙerawa shi ne daidaita nauyi da fukafukai don ta miƙe sak. Fim ɗin bai ko taɓo wannan ba.

'Yan uwa ɗalibai, mu ma kusan duk Homer ne, mun baro gida da sunan neman ilimi. Tambayar da fim ɗin ya kauce mata ita ce ta fi shafarmu: idan an karɓi digiri, me ake bin maƙeri da mai walda da malamar da suka ɗora mu a hanya? Hickam ya kai ga zama injiniya a NASA a 1981, amma da ya ɗauki alƙalami, labarin mutanen Coalwood ya rubuta. Ku kalli fim ɗin, sannan ku nemi littafin, don ya fi yi wa garin adalci.