Tikiti da Dariya: Me Mai Kallo Yake Saye a Bakin Ƙofa?

Duk wanda ya taɓa ganin saurayi ya fito daga layin sayen tikiti, yana riƙe da ƴar takarda kamar wanda ya tsinci dami a kala, ya san murnar wasan barkwanci tana somawa tun kafin a buɗe fage. A Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu irin su Assaga, wannan murna tana da nauyi na musamman, domin Yamai tana da nisan fiye da kilomita 1,300, kuma galibin mashahuran masu ban dariya ta rediyo da kaset mutanen yankin suka san su. Abin tambaya shi ne: mene ne mai tikiti yake saye wanda kaset bai ba shi ba?

A tsohon tsari babu tikiti. Ɗan kama, wanda C. G. B. Gidley ya nazarci sana'arsa a 1967, yakan tsaya a kasuwa ko a ƙofar mai hali, ya kwaikwayi salon wa'azin malamai, alhali zancensa duka a kan tuwo da nama yake. Sai ya sa mutane dariya kafin hannu ya shiga aljihu, saboda haka hukunci yana hannun taro. Tikiti ya juya wannan ciniki: an biya tun dariya ba ta zo ba, bashi ya koma wuyan mai wasa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Wasan kwaikwayon Nijar ya nuna yadda ake biyan wannan bashi. A zamanin Seyni Kountché (1974–1987), ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa sun cika gidajen raya al'adu da ƴan kallo, kuma ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, inda Yazi Dogo ya yi suna, ta zama abin koyi. Kamar yadda Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987 kan wasan Hausa a Nijar, waɗannan ƴan wasa ba su dogara da rubutaccen zance ba. Sukan shirya ƙashin labari, sauran kuma a fage ake haifar da shi. Idan taro ya fashe da dariya sai ɗan wasa ya dakata ya ƙara gishiri. Idan aka yi tsit sai ya sake hanya. Mai kallo a nan yana da hannu a cikin abin da yake kallo, kuma daren jiya ba ya zama irin na yau.

Finafinan Kano sun zo da wata irin shahara. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shiga gidajen Nijar ta kaset da faifai, kuma gwanintarsa ta sarrafa fuska da tafiya da juya waƙoƙin zamani su koma abin dariya ba ta buƙatar shaida. Amma wasannin gala da taurarin fim kan yi a lokutan salla sau da yawa ba sa cika alkawarin tikiti. Tauraro yakan iso a makare, ya motsa baki bisa waƙar da aka naɗa, ya maimaita abin da kowa ya riga ya gani a fim, sannan ya wuce. Gaskiya ne gani ya kori ji, sai dai ganin fuska kaɗai bai kai kuɗin da aka biya ba, muddin mai wasa bai saurari masu kallonsa ba.

A jihar Diffa maganar ta wuce ta ciniki. Bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana yawon dare da hawan babur, aka taƙaita cinikin tattasai da kifi, waɗanda su ne tushen kuɗin jama'a. Mutanen Assaga da dama sun bar gidajensu sun koma bakin babbar hanyar kwalta. Ga al'ummar da ta ɗanɗani irin wannan, tikitin wasa shaida ce cewa mutane na iya sake zama kafaɗa da kafaɗa ba tare da fargaba ba. Amma tikitin nan kan bar wanda ya rasa gonarsa a bayan katanga.

A nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Yankin yana da nasa jarin dariya: wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, reshe na al'adar barkwanci ta Nijar wadda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ƙungiyar da za ta gayyaci mai ban dariya ya kamata ta sharɗanta masa wasa na baki da baki, ta ba ƴan makaranta damar buɗe fage da nasu gajeren wasa cikin Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, ta kuma keɓe wasu kujeru kyauta ga waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Idan aka yi haka, saurayin da ya kwana da tikiti a ƙarƙashin matashin kai zai koma gida da abin da ba a sayarwa a faifai.