Tambihi a Kan Littafin Aliyu Abdurrazik da Masu Yi Masa Raddi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Mustafa Kamal ya rushe halifancin Usmaniyya a shekara ta 1924. A 1925 Aliyu Abdurrazik, alƙalin Mansura a Masar, ya fitar da littafinsa Al-Islam wa Usulul Hukmi. Da'awarsa ita ce Annabi manzo ne, ba sarki ba, kuma babu nassi a kan halifanci, don haka mutane su tsara mulkinsu da hankalinsu. Manyan malaman Azhar suka fitar da shi daga sahun malamai, aka tuɓe shi daga alƙalanci.

Fasali a kan inda ya dace. Shari'a ba ta yanke hanya ɗaya ta naɗa shugaba ba. An yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a a Saƙifa, shi kuwa ya yi wasicin Umaru, Umaru ya bar al'amarin ga mutum 6 su yi shawara. Da akwai nassi, da sahabbai ba su saɓa a cikinsa ba. Zaɓen shugaba da ƙuri'a, wanda ake kira dimokuraɗiyya, bai zama haram ba don sabuntarsa kaɗai.

Fasali a kan inda ya kuskure. Annabi ya yanke hukunci tsakanin masu husuma, ya karɓi zakka, ya ƙulla sulhu a Hudaibiyya, ya aiki Mu'azu Yaman yana alƙali. Wannan mulki ne, ko da ba a kira shi sarauta ba. Kuma yawan ƙuri'a ba ya halatta riba.

Fasali a kan masu raddi. In ka ce, to, sai a ɗora malamai bisa masu zaɓe, sai in ce: dubi zamanin da aka hukunta shi. Sarki Fu'adu na Masar yana kwaɗayin halifanci, har aka tara malamai a Alƙahira a 1926 domin batunsa. Dubi kuma Iran bayan 1979: majalisa ce ta mutum 12 ke tantance wanda zai tsaya zaɓe, 6 daga cikinsu fakihai ne da jagoran ƙasa yake naɗawa. Hukunci na Allah ne, amma mai fassara shi mutum ne, yana kuskure, yana tsoro, yana kwaɗayi.

Abin da nake gani, kada suna ya ruɗe ka, ko an ce mulkin addini ko mulkin jama'a. Tambayi abu biyu: shin shari'a tana hawa kan mai mulki kamar yadda take hawa kan talaka? Shin jama'a suna iya tuɓe shi in ya yi zalunci ba da zubar da jini ba? Aliyu Abdurrazik ya raunana ta farko, masu yi masa raddi da yawa sun yi shiru a kan ta biyu.

Allah ne mafi sani. Ya cika da godiyar Allah. Allah ya gafarta wa marubuci da mai kwafa da mai karatu, amin.