Kwarjinin Shehu a Littafi Biyu: Raudul Jinani da Tahzirul Ikhwani

Bahaushe ya bambanta farin jini da kwarjini. Mai farin jini ana son zama da shi, ana jin daɗin hirarsa. Mai kwarjini kuwa in ya shigo zaure sai muryoyi su yi ƙasa, wanda ya zo da musu ya nemi musun ya rasa. Ba a sayen wannan baiwa a kasuwa, ba a kuma gadonta kamar gona. Masanin zamantakewa Bajamushe Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya lissafa ta cikin tushe uku da ke sa mutane su yi biyayya: gado, doka, da kuma wata baiwa da mabiya suka yi imani shugabansu yana da ita. Malamanmu sun daɗe suna magana a kanta da nasu kalmomi: haiba, baraka, karama. Abin da ya dame su shi ne inda mai baiwar zai kai mutanen da suka miƙa masa wuya.

A tarihin ƙasar Hausa babu wanda wannan tambaya ta rataya a wuyansa kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, a yankin da yau yake cikin jihar Tawa. Littattafai biyu na Larabci sun ba mu surarsa ta fuska biyu. Na farko shi ne Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u kuma wazirin Muhammadu Bello. Na biyu shi ne Tahzirul Ikhwani, wanda Shehu ya rubuta da kansa a 1814. Irin labaran da ke cikin na farko sun cika zauruka, har wanda bai taɓa jin sunan littafin ba yana iya ba da su. Na biyu kuwa da wuya ka ji an ambace shi in ba tsakanin masu bincike ba. Ina ganin wannan rashin daidaito ya cutar da fahimtarmu ga Shehu, ya kuma cutar da fahimtarmu ga kwarjini baki ɗaya.

Raudul Jinani littafin manaƙibu ne, wato irin rubutun da almajiri yake yi don ya adana falalar shehinsa. Wanda ya karanta shi da niyyar neman tarihi tsantsa ya zalunci marubucin, domin ba alkawarin da Giɗaɗo ya ɗauka ba ke nan. Amfanin littafin a fili yake. Giɗaɗo ya zauna da mutanen da yake magana a kansu, ya kuma jera sunayen waɗanda suka kewaye Shehu, sahabbansa da almajiransa da masu yi masa hidima, har masu tarihi na zamani suka dogara da jerin wajen gane yadda Jama'a take a Ɗagel. Sai dai abin da baki ya ɗauka daga irin wannan rubutu shi ne karamomi. Labarin da ya fi yawo shi ne na Sarkin Gobir Yunfa, wanda aka ce ya ɗana wa Shehu bindiga a fada, wutar ta juyo ta ƙone shi. Labari ne mai daɗin ji, kuma ba ni da hurumin ƙaryata karamar waliyyai, domin malaman Sunna sun tabbatar da yiwuwarta. Matsalar tana wajen darasin da mai sauraro yake tashi da shi: cewa hujjar gaskiyar Shehu ita ce bindiga ba ta ci shi ba. Yaron da aka raina da wannan ma'auni, ran da wani ya nuna masa wuƙa ba ta yanka fatarsa, me zai hana shi binsa?

Tahzirul Ikhwani ya fito ne a wani hali na daban. A 1813 wani mutum mai suna Hamma ya yi da'awar cewa shi ne Mahdi a cikin Abzinawa, kuma tun kafin nan mutane da yawa cikin mabiyan Shehu suna raɗe-raɗin cewa ai Shehun ne Mahdin da ake jira. Ga mutum yana tsakiyar nasara: ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, an ci yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, Alƙalawa ta faɗi a 1808, tutocinsa sun kai Kano da Zazzau da Adamawa. Da ya yi shiru kawai, da raɗe-raɗin ya zama aƙida. Sai ya ɗauki alƙalami ya bayyana cewa shi ba Mahdi ba ne, bai taɓa da'awar hakan ba, kuma ya sha gargaɗin masu jingina masa wannan matsayi. Ya kawo siffofin Mahdi kamar yadda suka zo a hadisai, na nasaba da na wurin haihuwa, ya nuna ba su dace da shi ba. Haka nan ya nesanta kansa daga da'awar ƙuɗubanci da wasu ke yaɗawa a kansa.

Ta fuskar salo, littafin ba shi da zaƙin Raudul Jinani. Nassi ne bisa nassi, maganar wannan malami a bayan ta wancan, irin rubutun da ke gajiyar da mai neman labari. Amma a wannan bushewar darajarsa take. Shehu ya miƙa wa mabiyansa ma'aunin da za su auna shi da shi, ma'aunin da ba ya hannunsa, wanda ko almajiri ƙarami zai iya buɗe littafi ya duba. Mai kwarjinin da ya ce wa jama'a ga abin da za ku gwada ni da shi, ya rage wa kansa iko da gangan.

Kada a ɗauka Shehu ya wanke hannunsa daga sha'anin baɗini. Baƙadire ne, kuma shi da kansa ya rubuta cewa yana da shekara arba'in, wajen 1794, ya yi wani gani inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Wanda zai mai da shi malamin nassi zalla ya yi ƙarya, kamar yadda wanda zai mai da shi mai karama zalla ya yi. Abin lura shi ne bai gina wajabcin binsa a kan wannan gani ba. Littattafan da ya kafa hujjar hijira da jihadi a cikinsu, irin su Bayanu Wujubil Hijra na 1806, da aya da hadisi da maganganun malaman Malikiyya ya cika su. Mai son ya yi jayayya da shi yana da wurin kamawa, kuma an yi jayayyar: Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya rubuto yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla, Bello ya adana wasiƙun da amsoshinsu a Infaƙul Maisuri. Inda ake iya aiko da irin wannan tambaya a kuma amsa ta da rubutu, kwarjini bai riga ya haɗiye hankali ba.

Wannan hali yana da asali tun farkon Musulunci. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwar yaron ne. Magana ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, amma ya miƙe ya gyara musu, ya sanar da su rana da wata ayoyin Allah ne, ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sayyidina Umar ya sauke Khalid ɗan Walid daga jagorancin runduna yana kan ganiyar nasara, malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa ya bayyana dalilinsa: ya ji tsoron mutane su fitinu da Khalid, su manta daga wurin Allah nasara take. Sufaye ma, waɗanda ake zargi da son karama, su ne suka riƙa gargaɗin cewa ko mutum ya tashi sama kada a ruɗu da shi sai an ga tsayuwarsa a kan umarni da hani. Shi ya sa masu karantar da tauhidi suka raba mu'ujiza da karama da istidraji, wato abin mamakin da ake sakar wa fasiƙi don ya ƙara nisa cikin ɓata. A ido duka ukun suna kama da juna, halin mai su ne yake raba su.

In ana neman inda kwarjinin Shehu ya yi amfanin da ba a musu, a dubi Magami, wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a idin babbar salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ga girman da mutum ɗaya ya samu an canza shi ya zama sauƙi ga waɗanda ba su da bakin magana a fada. A Nurul Albabi kuma ya soki malaman da ke tara almajirai a zaure don a ce da su manya, alhali matansu da ƴaƴansu mata suna cikin gida ba su san ko farillan alwala ba. Wannan suka ce ga kwarjinin riya, kuma har gobe tana da waɗanda za ta taɓa.

Mu mutanen wannan ɓangare muna da dalilin karanta waɗannan littattafai da ido biyu. Maraɗi Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa ta, Tsibiri kuma Gobirawa ne, Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Kakannin da yawa daga cikinmu suna ɗaya gefen fagen fama, sun san kwarjini in ya hau doki ba ya tambayar gonar wa ya taka. Shaida mafi ƙarfi kan haka daga cikin gida ta fito. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya bar rundunar a wajen 1807 da nufin tafiya gabas, don ya ga mutane sun koma neman mulki da dukiya da sunan addini. A Kano aka tsayar da shi, ya kuma rubuta takaicinsa a Tazyinul Waraƙati. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiransa na farko, ya yi tawaye ga Bello, ya rasa ransa a 1818. Littafin karamomi ba shi da wurin ajiye irin waɗannan labarai, domin a cikinsa duk wanda ya saɓa wa waliyyi ƙarshensa abin tsoro ne kawai. Nan ne iyakar Raudul Jinani take a matsayin madubin tarihi.

Abin da Shehu ya ji tsoro a 1814 bai gushe ba bayansa. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da tutar Mahdanci, bayan irin wannan tashi a Kobkitanda ta ƙasar Doso. Zaluncin da suka yi wa bore gaskiya ne, jarumtarsu ma gaskiya ce, amma da gatari da fartanya suka fuskanci bindigogin Turawan Ingila, aka shafe garin, aka kashe mutane wajen 2,000. A Disamba 1980 Muhammadu Marwa Maitatsine ya ja almajiransa cikin tarzomar Kano wadda ta ci rayuka fiye da 4,000. Tsakanin Satiru da Maitatsine akwai tazara mai nisa ta manufa da ta hali, ba na haɗa su a kwando ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne mabiyan da ba su da wani ma'auni sai mutumin da ke gabansu. A namu gidan, Umaru Ganda ya nuna ƙaramin samfurin wannan cuta a fim ɗinsa Saitane, inda malamin ƙauye yake amfani da amanar da aka ba shi wajen yi wa mai kuɗi dillancin matar aure. Babu jini a kwararo kamar na Kano, amma tushen ɗaya ne: an girmama mutum har an daina tambayarsa.

Ba ina kira a ajiye Raudul Jinani ba ne. Al'ummar da ba ta da labaran bayin Allah na gari ta yi talauci, kuma ƙaunar da Giɗaɗo yake yi wa shehinsa abin girmamawa ce. Roƙona ga malaman makaranta, na lakwal da na allo, da ƙungiyoyinmu na al'adu, shi ne a daina ba da rabin labari. In an gaya wa yara bindigar Yunfa, a gaya musu abu biyar na Magami. In an gaya musu takobin da aka ɗaura wa Shehu a cikin gani, a gaya musu littafin da ya ce shi ba Mahdi ba ne alhali dubban mutane suna shirye su yarda. Tahzirul Ikhwani ya cancanci a juya shi zuwa Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a karanta shi a dandalin matasa da gidajen rediyo kamar yadda ake karanta waƙoƙin wa'azi. Yau da wa'azi ya koma cikin wayar hannu, murya mai daɗi tana iya tara mabiyan da Shehu bai tara ba a shekara talatin na yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. Yaron da ya san cewa Shehu da kansa ya yarda a auna shi da littafi, zai fi ƙarfin zuciyar tambayar malamin da ke cikin wayarsa: Allah gafarta malam, a wane littafi aka faɗi haka?