Hotel Rwanda: kafin adda, riga aka fara rabawa

Ran asabar da dare muka kalli Hotel Rwanda a fadarmu, mu kusan goma kan waya ɗaya, shayi na kan wuta. Da aka gama, wani abokinmu ya ce: "Kai, waɗannan ba mutane ba ne, aljanu ne." Wannan magana ce ta sa ni rubutu, don a ganina fim ɗin ne ya sa masa ita a baki.

Terry George ya fitar da fim ɗin a 2004. Don Cheadle ya fito a matsayin Paul Rusesabagina, manajan otal ɗin Mille Collines na Kigali, inda mutum sama da 1,200 suka fake lokacin kisan ƙare-dangin da aka yi wa Tutsi a 1994. Ban musa ba, wasan ya yi kyau, kuma ranar da sojojin Turawa suka kwashe ƴan ƙasashensu suka bar sauran, sai da hawaye suka zo mini.

Ƙorafina yana kan ƴan Interahamwe. Duk inda suka bayyana, gungu ne mai ihu da adda a hannu. Ba mu san uwar ko ɗaya ba, ba mu san unguwarsu ba, ba mu san wa ya fara kiran su ba. Alhali Interahamwe reshen matasa ne na MRND, jam'iyyar shugaba Juvénal Habyarimana mai mulki. Da yawansu ƴan zaman kashe wando ne da ƴan ƙwallo. Aikinsu na farko raye-raye a mitin, sanye da riguna masu launi, da tarwatsa taron ƴan adawa. Tun a Maris 1992 suka sa hannu a kisan ɗaruruwan Tutsi a yankin Bugesera, ba wanda ya hukunta su. Shekara biyu ke nan kafin a harbo jirgin Habyarimana ran 6 ga Afrilu 1994. Wanda ya kalli fim ɗin kawai zai ɗauka wutar daga sama ta faɗo.

Wuri ɗaya fim ɗin ya kusa faɗin gaskiyar. A farko-farko Paul ya je sito wajen Georges Rutaganda sayen giya da kayan otal, Rutaganda ya ba shi rigar ƙungiya, sannan wani akwati ya faɗi, adduna suka zube. Rutaganda mutum ne na gaske: ɗan kasuwa, mataimakin shugaban Interahamwe na biyu, wanda kotun Arusha ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 1999. Nan ne labarin yake: mai kuɗi, da riga, da giya, da yaron da ba ya da aikin yi. Amma kamara ta juya ta koma otal.

Ba ina cewa Nijar Ruwanda ce ba, Allah ya kiyaye. Sai dai kowa a cikinmu ya ga yadda ake yi lokacin kamfe. A zo fada da mota, a ajiye sukari da shayi, a ba kowa jika ɗaya da litar mai, a ce ku je ku yi wa mitin ɗin wane ihu. Ni kaina na taɓa karɓar riga, na hau bayan kabu-kabu ina ihun sunan mutumin da bai san sunana ba. Ban jefi kowa ba, amma da a ranar an miƙo mini dutse, wallahi ban san abin da zan yi ba.

Fim ɗin da ya mai da ɗan banga aljani yana kwantar mana da hankali, kowa ya ce ai ni ba haka nake ba. Ku kalle shi, ya cancanci kallo. Amma in kun zo wurin sito, ku tsayar, ku maimaita, sannan ku tambayi juna rigar wa ke cikin akwatin kowannenmu.