Illa da Hukunci a Shari'ar Obergefell: Sharhi

A ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa wajibi ne kowace jiha ta ɗaura auren jinsi ɗaya, ta kuma amince da wanda aka ɗaura a wata jihar. Matsayin fuƙaha'u a kan wannan aure sananne ne, domin babu mazhabar da ta ɗauki nikahi a wani abu ban da ƙulli tsakanin namiji da mace. Abin da wannan sharhi zai auna shi ne ginin hujjar da Mai Shari'a Anthony Kennedy ya rubuta a madadin masu rinjaye.

Adalci ne a fara da inda hujjar take da ƙarfi. James Obergefell ya auri John Arthur a jihar Maryland a 2013, lokacin da Arthur yake cikin ciwon ajali, kuma buƙatarsa ita ce jihar Ohio ta rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa. A Amurka, gādo da haraji da ikon yanke shawara a kan majinyaci duk a rataye suke da takardar aure, saboda haka kukan wanda aka hana ta ba na banza ba ne. Kennedy ya dogara da Gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya lamunce 'yanci da daidaito a gaban doka, ya kuma yi ƙiyasi a kan shari'ar Loving ta 1967, wadda ta rushe haramcin aure tsakanin baƙi da farare.

A wannan ƙiyasi ne rauni yake. Malaman usulu sun shardanta cewa duk inda illa ta tabbata hukunci ya bi ta. Idan aka samu illa amma hukunci bai biyo ba, suna kiran wannan naƙdu, kuma yana cikin abubuwan da ake soke ƙiyasi da su. Illolin Kennedy huɗu ne: 'yancin zaɓin mutum, darajar haɗuwar mutum biyu, kare yara, da matsayin aure a tsarin al'umma. Uku daga ciki sun tabbata a kan matar da ta yarda ta zama ta biyu, tare da 'ya'yanta. Ta huɗun, wato ƙayyade adadi a biyu, shigo da ita ya yi ba tare da dalili ba, sai dai al'ada, alhali al'adar ce ya ƙi karɓa a matsayin hujja wajen jinsi. Babban Alƙali John Roberts ya nuna wannan giɓi a ra'ayinsa na saɓani, masu rinjaye kuwa ba su amsa masa ba.

Giɓin bai tsaya a takarda ba. Hukuncin Reynolds na 1879, wanda ya tabbatar da laifin auren mace fiye da ɗaya a kan wani ɗan ɗarikar Mormon, har yanzu ba a soke shi ba. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Disamban 2022 domin kare auren jinsi ɗaya ta fayyace cewa ba ta haɗa da auren da ya wuce mutum biyu ba. Musulmin da ya shiga Amurka da mata biyu, ɗaya kaɗai doka ta sani. Ɗayar ba ta da kason mata a gādo idan babu wasiyya, kuma sunanta ba zai hau takardar shaidar mutuwar mijinta ba.