Dorina tana da kunne: idon baƙo a kan tsibiran kogi

Kamfanonin yawon buɗe ido na Turai suna tallar tafiya cikin ƙananan jiragen ruwa tsakanin tsibirai, kamar na Bijagos a Gine-Bisau, waɗanda yawansu ya kai 88. Hoton tallar kusan ɗaya ne kullum: ruwa lumui, farin rairayi, kiɗa mai sanyi, sai wani masunci can nesa da ba a faɗin sunansa. Wannan irin kallo ya girmi tallar. A Nijar ma an yi shi, kuma a nan ne aka taɓa ƙalubalantarsa a gaban wanda ya yi shi.

A shekarar 1946 Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale tare da abokansa Jean Sauvy da Pierre Ponty, daga mafarinsa a Gine har bakin teku, tafiyar kilomita dubu huɗu da ƴan kai wadda ta ƙare a 1947. A yankin Ayoru ya ɗauki Sarkawa suna farautar dorina. Kamfanin Actualités Françaises ya sayi hotunan, ya ɗora musu kiɗa da sharhi mai zuzutawa, ya kuma juya tsarin al'amarin: bikin hawan iskoki, wanda ake yi kafin farauta don neman yardar masu ruwa, sai aka kai shi ƙarshe don ya zama abin razana ƴan kallo. Sunan da aka ba fim ɗin, Au pays des mages noirs, wato ƙasar baƙaƙen matsafa, ya isa shaida. Wanda ya kalle shi zai fita da tsammanin cewa Sarkawa suna rawa ne don murnar nama, alhali roƙo suke yi.

Rouch ya koma a 1951 ya ɗauki Bataille sur le grand fleuve tare da masuntan tsibiran Firgun da Ayoru da Kutugu. Wannan fim ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ana ganin yadda ake ɗinka babban jirgi da katako, yadda ake shirya zago da igiyarsa, da dogon jiran da farauta take bukata. Ba a ƙare da nasara ba: tsohon namijin dorina ya farfasa jirgin ya tsere da zaguna a jikinsa, mutane suka koma gida da kunya. Mai neman burge Turawa da ya yanke wannan wuri. Rouch ya bar shi, kuma nan ne darajar fim ɗin take.

Amma hukuncin da ya fi nauyi daga Ayoru ya fito. A 1954 ya kai fim ɗin can, aka haska shi a kan farin ƙyalle da injin wuta. Masuntan suka kalla, suka sake kallo, sannan suka ce dorinar ba ta bayyana isasshe ba, kuma kiɗan da ya sa a lokacin farauta kuskure ne, don dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, farautarta shiru take so. Rouch ya cire kiɗan. Ga mutanen da ba su taɓa shiga gidan silima ba sun kama abin da masu sharhin Paris suka wuce: kiɗan yana gaya wa mai kallo abin da zai ji a ransa, yana rufe masa abin da ke faruwa a kan ruwa.

Duk da haka gyaran bai kai ƙarshe ba. Muryar da ake ji daga farko har ƙarshe ta Rouch ce. Shi yake fassara kirari, shi yake faɗin abin da masunta suke nufi. Na'urar wancan zamani ba ta ɗaukar hoto da murya tare, wannan uzuri ne na gaskiya, amma bai hana Sembène Ousmane gaya masa a 1965 cewa yana kallon ƴan Afirka kamar ƙwari ba. Umaru Ganda, wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwan Abijan kuma ya fito a Moi, un noir a 1958, ya ɗauki kyamara da hannunsa ya yi Cabascabo don ya ba da labarinsa da kansa.

Ga mutanen Adar wannan muhawara ba ta nesa ba ce. Samarin Tawa da Ilela da Keita sun daɗe suna zuwa cin rani Kwaddibuwa, sun san teku ta wajen ɗaukar kaya, ba ta wajen hutawa a kan bene ba. Malamin da ya haska Bataille a makaranta ko a gidan al'adu na Tawa zai iya kashe sautin, ya gayyato masunci daga tabkin Tabalak ya yi wa ɗalibai bayanin abin da yake gani, sannan a kunna muryar Rouch a gwada su biyun.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa, ranar 18 ga Fabrairu 2004. Rashin tsaro a jihar Tilaberi ya kori baƙin da suke hawa kwalekwale a Ayoru don kallon dorina. Madatsar ruwan Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, in ta cika za ta tashi mazauna tsibiran da aka ɗauki fim ɗin a cikinsu.